Littattafan Ban Tsoro: Da Wanne Zan Fara?

Wani mai sauraronmu daga Dawanau, can ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, yana tambayar littattafan ban tsoro da zai karanta yanzu da aikin gona ya lafa.

To Malam, fara da Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, aka buga a Zariya a 1934. Labarin Abubakar ne, wanda wani mai kuɗi ya ƙwace masa budurwarsa Zainab, sai Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za ta haifa. Yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo. Ba zan faɗa maka ƙarshensa ba. Ni dai a ganina ya fi labaran dodanni sa tsikar jiki ta tashi, domin muguntar daga zuciyar ɗan Adam ta fito.

In aljanu da matsafa kake so, nemi Dare Dubu da Ɗaya, amma na manya ne, kada ka bar wa yara. In kana jin Turanci, akwai littafin Amos Tutuola na 1954, My Life in the Bush of Ghosts, labarin yaron da ya ɓace a dajin fatalwa. Ka tambayi masu sayar da littattafai a kasuwar Kurmi ko Sabon Gari.