Ina Son Karatu, Gidanmu Sun Ce Na Fanɗare

Ƙanwata, wasiƙarki daga Wudil ta taɓa min zuciya. Burinki na karanta injiniyanci ba fanɗarewa ba ne, kada ki yarda ki tsani kanki a kansa.

Amma ki daina musu da Baba a gaban ƙannenki, hakan ƙara masa kafewa yake yi. Sau da yawa tsoron bakin mutane ne ke damun iyaye. Ki nemi kawu ko gwaggon da yake jin nauyinsu, su same shi a keɓe. Su tuna masa Jami'ar Aliko Dangote a cikin garinku take, daga gida za ki riƙa zuwa, ki dawo kafin magariba.

In ya ƙi bana, ki ci gaba da bitar littattafanki, ki sake neman JAMB baɗi.