Ba kowane jini ne basir ba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Badagishiri ya san mai maganin basir da lasifikarsa, da kwalaben jiƙo jere a kan tabarma, dattawa sun kewaye shi. Abin da ke damuna shi ne mutumin da ya shekara yana ganin jini a bayan-gidansa, yana saye yana sha, har wandonsa ya fara zame masa daga ƙugu.

Sau da yawa jinin na basir ɗin ne, ko na atini. Amma sankarar babban hanji da dubura ita ma da wannan rigar take zuwa. A shekarar 2020 mutum kusan miliyan 1.9 suka kamu da ita a duniya, ta kashe fiye da dubu 900. A ƙasashenmu takan kama har waɗanda ba su kai hamsin ba, kuma yawancinsu sai ta yi nisa ake ganinsu a likita.

Ɗan'uwa, idan jini ya wuce mako uku, ko ya gauraya da bayan-gidan, ko yau zawo gobe cushewar ciki ba dalili, ko ka fito daga bayan-gida ka ji kamar da saura, ko rama da kasala sun kama ka, tafin hannu ya yi fari, to ajiye kwalbar ka tafi likita. Faɗa wa lokotoro komai ƙarara. Ya kamata ya sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. Minti ɗaya ne, kuma ƙarin da ke ƙasa-ƙasa yatsa na iya taɓa shi. Na san nauyin wannan ga dattijo, balle ga uwar 'ya'ya. Ki tafi da 'yarki ko ƙanwarki, ki nemi ma'aikaciya mace in akwai.

In an ba ka takardar turawa, kada ta kwana a aljihu har bayan girbi. Akwai babban asibitin Tawa, akwai asibitin mishan na Galmi da ke aiki tun 1950, inda ake tiyata. Abin da za ka tambaya shi ne inda ake duba hanji da siririn tiyo mai kyamara, a gutsuro nama a kai awo, don awon ne kaɗai ke tabbatar da ciwon. Cutar takan fara da ɗan tsiro da ke ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, kuma da wannan tiyon ake iya cire shi. In ciwon ya tabbata kuma ana bukatar gashi da na'ura, sai Yamai, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ta soma wannan aiki a 2021, ko Sakkwato, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kuɗi ne ke mayar da mutane gida, shi ya sa nake roƙon dangi su yi wa abin tsari irin na ƙungiya. A zauna tun ranar farko, kafin a kai ga sayar da saniyar ƙarshe. A ɗora mutum ɗaya amintacce ya riƙe asusu da littafi. A kira 'yan ci-rani na Abijan da Legas, a shaida wa liman, don marar lafiyar da bashi ya danne yana cikin masu haƙƙin zakka. A lissafa kuɗin mota, masauki da abincin mai jinya, waɗanda ake mantawa. A asibiti a nemi ofishin taimakon marasa ƙarfi, a riƙe kowace takardar awo a leda ɗaya.

Wani bayan tiyata za a fitar masa da hanji ta gefen ciki, ya riƙa ɗaura jaka. Wasu kan daina zuwa masallaci saboda haka. Ku kai shi wurin malami ya yi masa bayanin hukuncin mai uzuri, ku kuma sa kuɗin jakunkunan cikin asusun. 'Ya'yansa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya su gaya wa lokotoro cewa ciwon ya taɓa gidansu, don su akan fara duba su da wuri, tun ba su ga jini ba.