Darasi: Ba duk mai magana a waya ba ne mutum

Jama'a, yawancinmu a nan Zongo ta waya muke jin labarin gida. Shi ya sa mayaudara ke biyo mu ta WhatsApp da Facebook da TikTok. Iri biyu ne.

Na farko, shafukan bogi. Wasu manhajar kwamfuta ce ke tafiyar da su, tana watsa saƙo ɗaya sau ɗaruruwa. Wasu kuma mutum ɗaya ne da sunaye barkatai. A watan Mayun 2019 Facebook ya rufe shafuka da asusu 265 da ake sarrafawa daga Isra'ila. Suna nuna kansu 'yan ƙasa ne ko gidajen jarida a Togo da Nijar da Najeriya da wasu ƙasashe, kuma mabiyansu sun kai kusan miliyan 2.8.

Na biyu, 'yan tsokana. Su mutane ne, amma burinsu su harzuƙa ka. Sukan zagi wata ƙabila, ko su ɗora wa 'yan gudun hijira laifin hare-haren yankin Savanes. Wannan ba wasa ba ne. A 2018, binciken BBC ya nuna yadda tsofaffin hotunan gawarwaki daga wasu ƙasashe suka ruruta rikicin Jihar Filato a Najeriya, har aka rasa rayuka.

Alamominsu:
1. Sabon shafi ne, ba hoton mai shi, ba 'yan uwa ko abokai na gaske.
2. Yana rubutu dare da rana, da kalmomi iri ɗaya.
3. Yana gaggauta ka: "Tura wa kowa yanzu!"
4. Yana alkawarin kai ka Kanada ko Amurka idan ka biya ta Flooz.

Abin yi:
1. Kada ka mayar da martani. Amsarka ce ke ƙara wa saƙon tafiya. Toshe shafin, ka kai ƙararsa.
2. Kada ka tura labarin hari sai ka kira wanda ke garin ya tabbatar.
3. Kada ka aika hoton katinka na gudun hijira ko lambar sirrinka.
4. Hidimar HCR kyauta ce, har da mayar da mutum wata ƙasa. Duk wanda ya nemi ko sefa ɗaya, ɗan damfara ne. Zo ofis ka tambaya.

Iyaye, ku zauna da yara ku karanta musu wannan, don su suka fi riƙe waya. Allah Ya tsare mu, Ya mayar da kowa gida lafiya.