Sanin Al'ada da Kyawawan Ɗabi'u a Horon Shugabannin Tsaro

Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayani a kan masu tsaron gari a ƙasar Hausa, wato dogarai da kuma 'yan doka, waɗanda aka haɗe su da 'yan sandan tarayya a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Dogari ko ɗan doka ɗan gari ne. Ya san gidan da ba a shiga, ya san wanda ake cire wa takalmi, kuma idan ya yi abin kunya iyayensa za a kai wa ƙara. A yau kuwa, jami'in da aka haifa a Kalaba yana iya samun kansa a Gaidam, wanda aka haifa a Gumel kuma a tura shi Warri. Abin da dogari ya sha a nono, dole shi wannan jami'i ya koye shi a aji. Wannan darasi zai duba yadda ake shigar da sanin al'ada da kyawawan ɗabi'u cikin horon masu jagorancin jami'an tsaro, da kuma inda malamin Hausa ya shigo cikin lamarin.

Ma'anar Kalmomin Biyu

Sanin al'ada, a wannan fage, shi ne jami'i ya fahimci abin da jama'ar da yake aiki a cikinsu suke girmamawa, da abin da suke ƙyama, da hanyar da suke bi wajen isar da magana. Kyawawan ɗabi'u kuwa su ne ƙa'idojin da ke hana mai riƙe da makami yin abin da yake da ƙarfin yi amma ba shi da haƙƙin yi, kamar azabtar da wanda aka kama, ko karɓar na goro a shingen hanya, ko kashe wanda ya riga ya miƙa wuya. Sau da yawa akan ɗauki abubuwan nan biyu tamkar abu ɗaya ne. Wannan kuskure ne, domin mutum yana iya mallakar ɗaya ya rasa ɗayan, kuma tarihi ya nuna abin da kan biyo baya ta kowace fuska.

Cibiyoyin Horo

Nijeriya na da makarantu da dama da ke horar da shugabannin tsaro. Akwai Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna da aka kafa a 1964, da Kwalejin Manyan Hafsoshi ta Jaji da aka buɗe a 1976, da Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda ta Wudil, sai kuma Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Kuru, kusa da Jos, wadda ta fara aiki a 1979, inda manyan jami'an soja da na 'yan sanda ke zama aji ɗaya da farar hula. Dalilin da ya sa aka fi mayar da hankali ga shugabanni a bayyane yake. Kurtu umarni yake bi. Wanda ke yanke shawarar a shiga gida ko a jira, a yi harbi ko a yi magana, shi ne hafsan da ke kansa, kuma sau da yawa cikin 'yan daƙiƙu yake yanke ta.

Illar Rashin Sanin Al'ada

Misalin da masana tarihin soja suka fi kawowa daga ƙasar Indiya yake. A 1857 Turawan Ingila suka raba wa sojojinsu 'yan ƙasa sabuwar bindiga wadda sai an ciji kan harsashinta da haƙori kafin a ɗura. Labari ya bazu cewa an shafe harsasan da kitsen saniya da na alade. Saniya abar girmamawa ce ga mabiya addinin Hindu, alade kuma haramun ne ga Musulmi. Hafsoshin da suka ɗauki ƙorafin a matsayin taurin kai suka hukunta waɗanda suka ƙi karɓar harsasan, kuma a watan Mayu na wannan shekara bore ya ɓarke a garin Mirat, ya watsu a arewacin ƙasar.

Akwai misali na kusa da ya fi wannan ciwo. A watan Yuni na 2009, a Maiduguri, jami'an wata rundunar haɗin gwiwa suka tare mabiyan Muhammad Yusuf suna kan babura za su maƙabarta, a kan batun rashin sanya hular kwano. Gardama ta kaure, aka yi harbi, aka raunata kimanin mutum 17. Babu mai musun cewa dokar hular kwano doka ce. Sai dai duk wanda ya san matsayin jana'iza a wurin Musulmi, ya san cewa tare masu rakiyar gawa abu ne da ake yi da taka-tsantsan matuƙa, kuma akwai hanyoyin hukunta mai laifi bayan an dawo daga maƙabarta. Ba wannan ne ya haifi ƙungiyar da aka sani da Boko Haram ba, kuma bai wanke ta daga ta'asar da ta tafka ba, amma ya ba shugabanta hujjar da ya tunzura mabiyansa da ita. Kafin ƙarshen watan Yuli an gwabza faɗa a Bauchi da Maiduguri da wasu garuruwa. Sojoji suka kama Muhammad Yusuf da rai suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi a hannunsu ranar 30 ga Yuli ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba. A nan ɗalibi zai lura da kurakurai iri biyu a jere: na farko na rashin la'akari da al'ada, na biyu na rashin ɗa'a da keta doka. Ƙungiyar ta daɗe tana amfani da na biyun wajen jawo matasa.

Sanin Al'ada Ba Tare da Ɗa'a Ba

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi. Turawan mulkin mallaka ba jahilan al'adar Hausa ba ne. Da Hausa ake ba da umarni a rundunarsu ta Afirka ta Yamma, kuma daga nan ne Hausar bariki ta bunƙasa. Jami'an mulki kan zauna jarrabawar Hausa kafin a yi musu ƙarin girma. Sun san gaisuwa, sun san sarautu, wasunsu ma sun tattara tatsuniyoyi da tarihin masarautu. Duk da haka, bayan mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun kashe muƙaddashin Razdan da wasu sojoji a watan Fabrairu na 1906, rundunar da aka tura a watan Maris ta kashe kimanin mutum 2,000, ta kuma rushe garin baki ɗaya. Sanin harshe da al'ada bai sa an bambance mai laifi da marar laifi ba. Hasali ma, wanda ya san abin da mutane ke jin kunya, shi ya fi sanin inda zai taɓa su ya yi musu ciwo. Saboda haka horon da ya tsaya ga koyar da gaisuwa da sunayen abinci, bai koya wa jami'i darajar ran ɗan'adam ba, makami kawai ya ƙara masa.

Inda Doka ta Haɗu da Al'ada

Abin sha'awa shi ne dokokin ƙasa da kansu sun ba al'ada gurbi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanadi cewa idan za a shiga gidan matar da bisa al'ada ko addini ba ta fita bainar jama'a, sai an sanar da ita, an ba ta damar kaucewa, kafin a shiga. Wannan shi ne "ba a shiga" da Bahaushe ke rubutawa a ƙofar zaure. Dokar ta ce a yi binciken jiki cikin mutunci, mace ta binciki mace, sai fa idan larura ta hana. Ta kuma haramta kama wani a madadin wani, wato a tafi da uba ko mata don an rasa wanda ake nema. A 2017 an yi wata dokar da ta haramta azabtarwa, wadda ta bayyana cewa umarnin na gaba ba hujja ba ne.

Amma fa ba kowane abin da aka kira al'ada ne jami'i zai rusuna masa ba. Idan jama'a suka taru za su ƙone wanda ake zargi da sata ko maita, aikin jami'i shi ne ya ceci ran wannan mutum, ko da dukan gari sun juya masa baya. Sanin al'ada zai taimake shi ne wajen gane wanda zai kira, ko mai unguwa, ko liman, ko wani dattijo da matasa ke jin nauyinsa, domin a kwantar da tarzoma ba tare da an zubar da jini ba.

Rawar Malamin Hausa

A ƙarshen 2017 rundunar sojan ƙasa ta umarci jami'anta su koyi Hausa da Yarabanci da Ibo, ta kuma ba su wa'adin shekara guda. Irin wannan mataki na nuna cewa wanda ya kammala karatun Hausa a kwalejin ilimi yana iya samun kansa gaban aji cike da masu kaki. Ko bai je can ba, a ajinsa na firamare ko sakandare akwai yaran da za su zama hafsoshi.

Malami zai lura cewa jerin kalmomi ba ya wadatarwa. Ɗauki misalin kunya. Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye da yawa ba sa kiran sunan ɗan fari, yaro mai tarbiyya kuma yakan sunkuyar da kai gaban babba. Jami'in da bai san haka ba, idan ya tambayi mace sunan mai gidanta ta yi shiru, ko saurayi ya ƙi haɗa ido da shi, sai ya ɗauka ɓoye-ɓoye ake yi masa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ta wasan kwaikwayo: a tsara zaure a aji, ɗalibi ɗaya ya zama hafsa, wani mai gida, wani mai unguwa. A bar hafsan ya yi sallama, ya nemi iso, ya faɗi abin da ya kawo shi. Daga nan sai malami ya sauya labarin, ya ce na gaba da hafsan ya bugo waya yana cewa a kutsa yanzu, kuma in ba a sami yaron ba a taho da mahaifinsa. A nan ne muhawara ta gaske ke tashi, kuma bai kamata malami ya yi gaggawar yanke ta ba.

Jinga

Ɗalibi ya zanta da wani dattijo da ya ga zamanin 'yan doka, ya rubuto abin da ya yaba da abin da ya kushe game da aikinsu, a shafi biyu. Sannan ya tsara darasin minti 40 ga sababbin jami'ai a kan shiga gidan Bahaushe, ya nuna a cikinsa wuri ɗaya da al'ada ta dace da doka, da wuri ɗaya da suka saɓa.