Shanyewar Ɓarin Jiki da Ciwon Zuciya: Darasi ga Masu Jinya

'Yan uwa 'yan kasuwa da iyalai, na Aboabo da Babbar Kasuwar Tamale da masu bin hanyar Bolgatanga zuwa Paga, wannan darasi naku ne. Da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa da zarar an kai mai shanyewar ɓarin jiki asibiti an sauke nauyi. A gaskiya kwanakin farko na kwanciya su ne mafi haɗari, kuma abin da dangi suka yi a cikinsu yana da babban tasiri ga rayuwar majinyaci.

Mene ne ke faruwa a cikin jiki?

Ƙwaƙwalwa tana rayuwa ne da jinin da zuciya ke tura mata. Idan gudan jini ya toshe wata jijiya, ko jijiyar ta fashe, sashen ƙwaƙwalwar da take shayarwa zai fara mutuwa cikin mintuna kaɗan. Daga nan sai hannu ko ƙafa ko harshe su daina aiki. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kano da Zariya, aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa kusan biyu cikin uku na majinyata toshewar jijiya ce ta same su, sauran kuma fashewa. Ya kuma nuna cewa hawan jini ne babban tushen cutar a yankinmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hawan jinin da aka yi sakaci da shi, shi ne tsagar.

Kafin a isa asibiti

Ku lura da alamu uku masu zuwa farat ɗaya: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a gefe guda, da sarƙewar magana. Ko ɗaya ta bayyana, ku duba agogo, ku riƙe lokacin, domin shi likita zai fara tambaya. Ku kira motar ɗaukar marasa lafiya ta lamba 112, ko ku ɗauki abin hawa mafi kusa ku nufi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tamale. Ko da alamar ta gushe bayan 'yan mintuna, ku tafi, gargaɗi ce.

Kada ku ɗura masa ruwa, koko, rubutu ko jiƙo, domin maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa. Kada ku ba shi asfirin ko maganin hawan jinin wani. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance toshewa da fashewa, kuma maganin da ke taimakon mai toshewa yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Ku yi addu'a kuna tafe a hanya. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Haɗura biyar a kan gadon asibiti

Na farko, rikicewar bugun zuciya. Ƙwaƙwalwa ce ke daidaita bugun zuciya, saboda haka idan ta ji rauni bugun yana iya hargitsewa. Akwai nau'in da ke sa jini ya taru ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Masu shi sun fi sauran mutane haɗarin shanyewa kusan ninki biyar. Wannan ne dalilin wayoyin da kuke gani an manna a ƙirjin majinyaci.

Na biyu, toshewar jijiyar zuciya ko gazawarta. Idan kuka ga ciwon ƙirji, gumi mai sanyi, haki, ko kasa kwanciya rigingine, ku kira ma'aikacin jinya nan take.

Na uku, gudan jini a ƙafa. Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙwauri ko cinya. Ƙafa ɗaya takan kumbura, ta yi zafi. Kada ku murza ta, domin gudan yana iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu, abin da ke kisa cikin ɗan lokaci.

Na huɗu, ciwon huhu. Wanda ba ya iya haɗiya da kyau, abinci yakan bi hanyar numfashi ba tare da ya yi tari ba. Cokali guda na koko da aka ba shi a ɓoye saboda tausayi yana iya zama zazzaɓi da sarƙewar numfashi bayan kwana ɗaya ko biyu. Idan an ce a ciyar da shi ta robar hanci, ku amince. Kariya ce gare shi.

Na biyar, sabuwar shanyewa. Wannan ya shafi duk babban mutumin da ke kwance cikin matsanancin ciwo, ko da wata cuta ce ta kawo shi. Cutar da ta bazu cikin jini, zubar jini mai yawa, ko babbar tiyata suna iya saukar da awon jini ƙasa ƙwarai ko su haddasa gudaji. Ku da kuka san fuskarsa da muryarsa, ku ne za ku fara ganin canji. Ku faɗa, kada ku ji nauyi.

Aikin mai jinya

Ku zo da dukan magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, cikin kwalayensu. Ku zo da katin inshorar lafiya ta NHIS, ku riƙa duba cewa wa'adinsa bai ƙare ba tun kafin ranar buƙata. Ku zaɓi mutum guda mai natsuwa da zai riƙa magana da likitoci a madadin dangi.

Bisa umarnin ma'aikata, ku riƙa juya majinyaci kamar bayan kowace awa 2 don gudun gyambon kwanciya, ku ɗaga kansa yayin ciyarwa, ku tsaftace masa baki. Idan kun ga awon jininsa yana sama amma ba a yi hanzarin sauke shi ba, ku tambayi dalili. Sau da yawa da gangan ne, domin saukarwa farat ɗaya tana iya rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwa.

Mun san kuɗi na ƙarewa, rumfa na rufe, ana ta kira daga gida cewa a dawo da shi a gwada na gargajiya. Kafin ku yanke shawarar fitar da shi, ku zauna da likita da jami'in jin daɗin jama'a na asibitin, ku bayyana halin da kuke ciki. Barin asibiti a makon farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ke iya kumbura, kasada ce babba.

Bayan sallama, da kuma ku masu lafiya

Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Ku dage da motsa gaɓoɓi yadda masu gashin ƙashi suka koya muku, ku kiyaye ranakun komawa asibiti.

Ku kuma da kuke tsaye da ƙafafunku, ku auna jininku. Idan awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban, ku ga likita ko da ba ku jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanti ke sayarwa yana cikin lissafi. Ku yawaita ayoyo, alayyafo da zogale a miya. Binciken SIREN ya sami ƙarancin shanyewa ga masu yawan cin ganye. Ku bar taba, ku auna suga.

Fatake masu zuwa Wagadugu, Yamai ko Kumasi, ku ɗauki maganin da zai ishe ku har dawowa. Ku sa a rubuta muku ainihin sunan kowane magani da adadinsa a takarda, domin sunan kwali yakan sauya idan an tsallaka iyaka. Ku ajiye takardar tare da lambar wayar wani na gida a aljihunku.

Lafiya uwar jiki ce, kuma ita ce jarin ɗan kasuwa na farko. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda, a rumfa da masallaci da gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.