Digiri Na Biyu A Hannu, Aiki Kuwa Shiru

A zamanin da marigayi Alhaji Shehu Shagari ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Sakkwato, cikin shekarun 1940, aiki ne yake bin mai ilimi a wannan yanki namu. En'e tana neman malamai da akawuna ido rufe, wanda ya iya rubutu mai kyau ba ya daɗewa a zaune. Haka abin ya ci gaba har bayan an kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A waɗancan shekaru ɗalibi yakan san ma'aikatar da za shi tun bai gama bautar ƙasa ba, sau da yawa ma a haɗa masa da rancen mota. Iyayen da suke tura 'ya'yansu jami'a a yau daga Horo Birni da Kajiji da Dandin Mahe da Bodinga da wannan labari suka tashi, kuma da shi suke auna 'ya'yansu. Darasinmu na wannan karo zai duba abin da ya sauya, musamman ga waɗanda suka koma suka ƙaro digiri na biyu ko na digirgir, suka fito suka tarar kasuwa ta watse.

Kiɗan ya fara sauyawa ne da faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP na tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, aka rage ma'aikata, masana'antu suka fara rufewa. A ƙarshen wannan shekara ne aka kafa hukumar NDE domin samar da aikin yi, abin da ya nuna gwamnati da kanta ta yarda cewa takarda ta daina zama mabuɗin ofis. Tun daga lokacin jami'o'i sai ƙaruwa suke yi, guraben aiki kuwa suna tafiyar hawainiya.

Ya kamata mu tambayi kanmu da gaskiya dalilin da ya sa matasanmu suke komawa karatun digiri na biyu. Akwai waɗanda son ilimi ne ya kai su, da waɗanda suke da niyyar koyarwa a jami'a, kuma waɗannan sun bi hanyar da ta dace. Amma da yawa sun koma ne domin zama ya ishe su. Sun gama bautar ƙasa, sun yi shekara biyu suna rarraba takardu babu amsa, sai suka ga gara a ce da su ɗalibai da a ce da su masu zaman kashe wando. Ba mu ga laifinsu ba. Sai dai akwai wani lissafi da ba a cika yi ba kafin a sayi fom ɗin.

Mu ɗauki yaron da ya shiga jami'a yana da shekara 20, wanda ba abin mamaki ba ne ga ɗan ƙauye da ya fara firamare a makare. Karatun shekara 4 ne, amma yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ban da jinkirin da suka jawo a bayansu. Ya fito yana da 26. Bautar ƙasa ta ɗauki shekara guda, neman aiki ya ɗauki biyu, ya kai 29. Digiri na biyu da aka ce wata 18 ne ko shekara 2 yakan kai shekara 3, domin malamin da yake duba bincikensa yana riƙe da ɗalibai fiye da ƙarfinsa. Ya fito yana da 32, ya buɗe tallar ɗaukar ma'aikata ta banki ko ta babban kamfani, ya ga an rubuta cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Takardar da ya ƙaro domin ta buɗe masa ƙofa ita ce ta cinye masa shekarun da ake buƙata a bakin ƙofar. A nan ne Shaiɗan yakan raɗa masa ya je kotu ya yi rantsuwa a kan sabuwar ranar haihuwa. Mun san abin ya zama ruwan dare har an daina jin kunyarsa, amma rantsuwa a kan ƙarya sunanta ke nan ko mutum nawa suka yi ta, kuma wanda ya shiga aiki da shekarun aro zai yi ta gadin ƙaryarsa har ranar fansho.

To ina ne ake buƙatar digiri na biyu da gaske? Mafi yawa a manyan makarantu ne. A kewayenmu akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato da aka kafa a 2009, da jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau da aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Idan aka jera su sai a ga kamar da yawa. Amma sashe guda yakan yi shekaru bai ɗauki sabon malami ba, in kuma zai ɗauka yakan fara da ɗalibinsa da ya fi kowa ƙoƙari a digiri na farko, ya rene shi. Tallafin karatu na asusun TETFund ma na waɗanda suka riga suka zama malamai ne. Wanda ya biya wa kansa karatu daga waje yana tsaye ne a bayan layi. A kamfanoni masu zaman kansu kuwa, wani lokaci babbar takarda takan zama kaya. Mai ƙaramin kamfani yana tsoron mai digiri na biyu zai nemi albashi mai yawa, ko ya gudu da zarar ya sami wuri mafi tsoka, sai ya ɗauki mai difloma. A 2012 kamfanin Dangote ya nemi masu digiri su zo a horar da su tuƙin manyan motoci. Kusan mutum 13,000 suka nema, cikinsu akwai fiye da 700 masu digiri na biyu da mutum 6 masu digirin digirgir.

Ɗan Horo Birni yana da wani nauyi a kan wannan. Yanzu kusan duk tallar aiki ta intanet ake yi, a buɗe shafin na mako biyu ko uku a rufe. Wanda yake ƙauye yana taya mahaifinsa noman gero sai ya ji labari bayan an rufe. In ya ji a kan lokaci, sai ya nemi wurin da sabis yake da ƙarfi, ko ya hau mota ya bi ta Bodinga zuwa Sakkwato ya biya a cike masa. In an kira shi jarrabawa a Abuja ko Kaduna, kuɗin mota tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya isa a sayar da akuya. Neman aiki shi kansa yana cin jari, kuma talaka yakan janye daga tseren saboda guzuri ya ƙare, ko da ya fi sauran cancanta.

Sai batun takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, wadda take yanka ta fuska biyu. An kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya a 1996 domin kowace jiha ta sami rabonta na ayyukan gwamnatin tarayya, kuma ga ɗan asalin Shagari wannan kariya ce, in har gurbin jiharsa ya iso gare shi ba a karkatar da shi a hanya ba. Amma da yawa daga cikin 'ya'yan majami'unmu a Sakkwato aka haife su, a nan suka yi karatu, Hausar Sakkwato ce a bakinsu, alhali iyayensu daga Zuru ko Kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai suka zo. A nan ana ce musu baƙi, a can garin iyayensu kuma babu wanda ya san fuskarsu balle ya tsaya musu. Wannan rashin adalci ne da tsarin ƙasa ya gina, ba maƙwabcinmu ya ƙirƙiro shi ba, kuma bai kamata ya zama dalilin gaba tsakanin matasan da suke cikin jirgi ɗaya ba.

Inda mabuƙata suka yi yawa, nan kuraye sukan taru. Ranar 15 ga Maris 2014 Hukumar Shige da Fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa na ƙasar nan. Fiye da mutum 500,000 ne suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba, kowannensu ya biya naira 1,000, wato an tara sama da naira miliyan 500 daga aljihun marasa aiki. Aƙalla mutum 16 suka mutu a turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidar mutanen da suka ce sun biya naira miliyan guda ko fiye domin a ba su aikin gwamnatin tarayya. Muna jan kunnen iyaye a nan da babbar murya: kada a sayar da gona ko sa domin sayen gurbi. Mafi yawan masu wannan alkawari 'yan damfara ne. Ko da an sami aikin, an ƙwace shi ne daga wani da ya fi cancanta, kuma wanda ya sayi kujera da bashi, a kan jama'a zai fanshe kuɗinsa. Neman wani babba ya yi wa yaro shaida a kan halinsa da ƙwazonsa ba laifi ba ne. Kowa yana son uwa a gindin murhu. Laifin yana farawa ne daga inda kuɗi ya shiga, ko aka ture wanda ya ci jarrabawa.

A yi hankali da alƙaluma kuma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta fitar da kashi 4.1. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, ma'aunin aka sauya: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa guda a mako an lissafa shi cikin masu aiki. Bisa wannan ma'auni, mai digiri na biyu a kimiyyar ƙasa da yake cajin waya a bakin tasha ya fita daga lissafin marasa aiki.

Ikilisiya ba ta yi shiru a kan wannan ba. A wasiƙarsa ta 1981 mai suna Laborem Exercens, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗauki rashin aikin yi a matsayin mugun abu a kowane hali, ya kuma nuna ya fi ciwo idan ya faɗa wa matasan da suka shirya kansu da ilimi suna marmarin yin aiki. Ya ɗora alhakin a kan gwamnati da duk masu tsara tattalin arziki, ba a kan mai kamfani kaɗai ba. Muna tuna wannan ne domin yadda wasu iyaye suke jifan 'ya'yansu da maganar Manzo Bulus ga Tasalonikawa game da aiki da cin abinci. A koma a karanta 2 Tasalonikawa 3:10 da kyau. Wanda ya ƙi yin aiki ake nufi, ba wanda ya nema ya rasa ba. A misalin ma'aikatan gonar inabi cikin Matiyu sura 20, mutanen da aka tarar da yamma a kasuwa sun yini a tsaye ne domin babu wanda ya ɗauke su, kuma mai gonar bai zage su ba, aiki ya ba su. Gorin da ake yi wa matashi a kan kwanon tuwo ya kai wasu ga shaye-shaye, ya kai wasu ga bin hanyar Agadas da hamada, wadda ba kowa yake dawowa daga ita ba.

Duk da haka ba za mu ɓoye wa masu digiri nasu kason ba. Bulus ɗin nan, wanda ya yi karatu a gaban Gamaliyel, ɗinkin tanti ya yi a Koranti ya ci abinci. Akwai ƙofofin da suke buɗe waɗanda girman kai yake hana shiga. Makarantun sakandare na karkara, a ƙasar Shagari da Yabo da Tambuwal, suna kukan rashin malaman lissafi da kimiyya da Turanci. Wanda bai karanta ilimin koyarwa ba yana iya yin difloma ta shekara guda ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Albashin ba shi da yawa, mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, makarantu masu zaman kansu da yawa ma ba sa kaiwa haka, amma shekara biyu a aji suna cike gurbin ƙwarewar aiki da kowace talla take tambaya. Ƙungiyoyin agaji masu aikin lafiya da abinci mai gina jiki da ilimin 'ya'ya mata a jihar nan suna neman wanda ya iya tattara bayanai da kwamfuta, ya iya rubuta rahoto, ya kuma iya zama a zauren hakimi ya yi magana da Hausa ko Fulatanci. A nan ɗan Horo Birni ya fi ɗan Abuja, in ya san darajar abin da yake da shi. Noman rani na albasa da shinkafa da tattasai ma hanya ce, sai dai masu cewa matasa su koma gona su tuna cewa gona tana son fili da injin ban ruwa da taki da tsaro, ba a yinta da wa'azi.

Saboda haka muke roƙon kowace majalisar majami'a ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba. A rubuta sunayen masu digiri da suke zaune da fannin kowannensu. A naɗa mutum guda mai waya da sabis ya riƙa sanar da tallar aiki ta gaskiya bayan Misa, kafin a rufe. Ma'aikata da 'yan fansho na cikinmu su duba wa yara takardunsu, su gwada musu yadda ake amsa tambayoyi a gaban kwamiti. Ƙungiyar maza da zumuntar mata su ware wani abu daga asusunsu ya zama rancen kuɗin mota ga wanda aka kira jarrabawa, ya biya in ya fara karɓar albashi. In ɗan maƙwabcinmu Musulmi ya zo da takardunsa yana son a duba masa, a duba.