Kyautata Zato ga Allah a Kwanakin Annoba da Zaman Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani, Ya ba mu albarkarsa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa a cikin Allah, a ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da samun mutum na farko mai cutar korona a Yamai, sai al'amura suka sauya mana. A wancan lokaci an rufe makarantu, an dakatar da jam'i a masallatai, an killace birnin Yamai tare da hana fitar dare. Zawiyoyin da suke cika bayan magariba sun yi tsit. Ɗan kasuwar Maraɗi, wanda dama rufe iyakar Najeriya ya gurgunta masa ciniki tun 2019, sai aka ƙara masa wani nauyin. Lokacin zafin bazara ne, azumi kuma ya ƙarato. Wasu ƴan'uwa tsoro ya cika su, wasu kuma fushi, har ana jin masu cewa babu wata cuta, makirci ne kawai. Darasinmu na yau a kan abu guda ne da yake maganin tsoron da fushin gaba ɗaya, wato kyautata zato ga Allah.

Ma'anar kyautata zato

Ya zo a hadisi ƙudusi, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, cewa Allah Yana mu'amala da bawanSa gwargwadon zaton da bawan yake yi maSa. Saboda haka malamanmu na tasawwufi suka ɗauki kyautata zato a matsayin aikin zuciya, kamar yadda ruku'u yake aikin gaɓɓai. Ma'anarsa bawa ya sakankance cewa abin da Ubangiji Ya zaɓa masa akwai hikima da rahama a cikinsa, ko ya gano su ko bai gano ba. Wanda yake kyautata zato ba ya cewa wahala ba ta da zafi. Yana jin zafinta, yana iya zubar da hawaye, amma ba ya tuhumar Wanda Ya aiko ta.

Sufaye suna magana a kan halaye biyu da suke jujjuya zuciyar muridi: ƙabdu, wato ƙunci, da basɗu, wato yalwa. Sun ce an fi samun mai kiyaye ladabi a cikin ƙunci, domin yalwa takan sa rai ya saki jiki. Shekaru muna cikin yalwar taro, kafaɗa da kafaɗa a da'irar zikiri. A 2020 an gwada mu da ƙunci, kuma a irin wannan hali ne kowa zai gane ko Allah yake nema a wazifa ko daɗin taro.

Abin da ya sami Shehu yana ɗan shekara 16

An haifi Shehu Ahmadu Tijjani a Ainu Madi a shekara ta 1150 bayan Hijira. A 1166 annoba ta auka wa garin, mahaifinsa da mahaifiyarsa suka rasu a rana ɗaya. Ku duba wannan da idon zuciya: yaro ɗan shekara 16 ya rasa uwa da uba tsakanin safiya da dare. Babu wanda zai iya hango masa a wannan rana abin da yake gaba. Bai yanke ƙauna ba, ya ci gaba da neman ilimi da bin bayin Allah, har buɗi mafi girma ya zo masa a Abi Samgun a 1196, shekara talatin bayan wancan rashi. Duk wanda ya riƙe carbi a wannan ɗariƙa, to almajirin wanda annoba ta mayar maraya ne. Bai dace da mu mu zama masu saurin ɗebe tsammani ba.

Tsare kai ba raunin imani ba ne

Wasu suna ganin wanda ya sa ƙyallen rufe baki da hanci, ko ya daina musabaha, tawakkalinsa ne ya yi ƙaranci. Tarihin sahabbai ya warware wannan. A lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarga, aka ba shi labarin annoba. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrahu ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal duk a wannan annoba suka rasu, kuma babu mai shakkar imaninsu ko na Umar.

Haka nan Abdullahi ɗan Abbas ya taɓa umartar ladaninsa a ranar Juma'a mai ruwan sama da taɓo ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu. Da aka yi mamaki, sai ya ce wanda ya fi shi ya aikata haka. In taɓo ya zama uzuri, ina ga cutar da take yaɗuwa ta numfashi, wadda ta fi tsanani ga tsofaffi? Ku tuna su wane ne a sahun gaba na zawiyoyinmu: dattawanmu ne da muƙaddamanmu. Kare su hidima ce.

Baƙin cikin rufe masallaci alamar imani ne, kuma muna tare da mai jin sa. Amma ƙona tayoyi da jifa, kamar yadda aka gani a wasu wurare, ba tarbiyyar ɗan ɗariƙa ba ce. Mai ƙorafi ya kai shi ta hannun malamai da shugabanni cikin ladabi.

Ladanka bai yanke ba

Buhari ya ruwaito cewa wanda ciwo ko tafiya ta hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa ladansa kamar lokacin da yake lafiya a gida. Malamai sun haɗa duk mai uzuri na gaskiya a wannan falala. Ya kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa wanda annoba ta same shi a garinsa ya zauna yana mai haƙuri da neman lada, yana sane cewa babu abin da zai same shi sai abin da Allah Ya rubuta masa, yana da kwatankwacin ladan shahidi. To zama a tsakar gida saboda annoba, in ka gyara niyya, ibada ne.

Yadda za mu riƙe wuridi a gida

Lazimi dama aikin mutum ne shi kaɗai: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Babu dokar da ta taɓa shi.

Wazifa asalinta a yi ta cikin jama'a in akwai ƴan'uwa kuma babu uzuri. In akwai uzuri irin na annoba, ka yi ta a gida: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. In ba ka da alwalar ruwa, ko wurin bai cika sharaɗin tsarki ba, sai ka maye Jauhara da Salatul Fatihi 20. In uwargida da manyan yara sun karɓi ɗariƙa, ku shimfiɗa farin ƙyalle ku zauna tare. Maigida nawa ne ya shekara ashirin yana wazifa a waje, iyalinsa ba su taɓa jin muryarsa a zikiri ba? A irin wannan hali dama ta samu.

Zikirin Juma'a ma kada ya wuce ka. Bayan la'asar ka zauna da hailala har faɗuwar rana, ko kai kaɗai ne.

Sannan ka tsare kunnenka da yatsanka. Saƙonnin WhatsApp da ba a san tushensu ba, masu tsoratarwa ko masu tallar maganin ƙarya, suna lalata cikin minti ɗaya natsuwar da zikirin awa guda ya gina. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka tura.

Zato mai kyau yana da hannu

Wanda ya yarda cewa Allah Mai yalwa ne, ba ya ƙanƙame abin hannunsa. A lokacin annoba, a unguwarka za a sami ɗan kabu-kabun da aikinsa ya ragu, da mai tuyar ƙosan da ƴan makaranta ne masu saye, da malamin allon da almajiransa suka watse. Tiya ɗaya ta hatsi ko jika guda da ka aika musu a ɓoye, ita ce za ta sa su ma su kyautata zato ga Ubangijinsu. Ka ɗauki salula ka kira dattijon da kuke zama kusa da juna a da'ira, ka tambayi lafiyarsa da cefanen gidansa. Wanda ya ji zazzaɓi da tari ya nemi likita, kada kunya ta sa ya ɓoye, mu kuma kada mu ƙyamaci gidan da cutar ta shiga.

Muna roƙon Allah, albarkar Annabi mai tsira da aminci, Ya tsare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya taimaki ma'aikatan lafiya. Ya kai mu Ramadan lafiya, Ya tara mu a masallatanmu da zawiyoyinmu da zukatan da suka fi na da tsarki. Amin.